Daminar da Kawu Bature Ya Duba Gonaki ta Waya

Kawu Bature ƙanin mahaifiyata ne, kuma a gidansa na tashi a Funtuwa tun ina firamare. Yana nan da ransa. Na fara da faɗin haka ne saboda duk wanda na ba labarinsa, kafin in kai ƙarshe sai ya ce "Allah ya jiƙansa," ni kuwa sai in rasa yadda zan gyara maganar.

A Dayi aka haife shi, gidan manoma. Shi kaɗai ne a cikin 'yan'uwansa ya yi nisa a boko, kuma da ya tashi zaɓen abin da zai karanta sai ya sake komawa gona, ya yi difloma a aikin noma. Shekara ashirin da wani abu yana aiki da wani kamfanin iri a matsayin malamin gona. Tsarin kamfanin ba shi da wuyar ganewa. Da farkon damina yakan ba manoma irin masara da taki, su noma masa a gonakinsu. Idan kaka ta yi ya zo ya duba. Masarar da ta yi kyau ya saye ta da daraja fiye da ta kasuwa, ya gyara, ya sayar wa wasu manoman a matsayin iri. Wadda ba ta yi kyau ba ya bar wa mai ita. Aikin Kawu shi ne ya ga ta yi kyau.

Daga ƙauyukan bayan Ɗanja har zuwa Mahuta, babu hanyar da babur ɗin kamfanin bai sani ba. Yakan fita da sassafe, ya dawo da la'asar sakaliya da laka har gwiwa, an ɗaure masa tsaraba a baya: yau rake, gobe ƙwan zabi, jibi ƙwaryar nono da rabinsa ya zube a hanya. Matarsa, Inna Shafa'atu, takan tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Malam, tsaya nan. Ƙwan ya shigo, kai kuwa sai an wanke ka."

Idan ya isa ƙauye ba ya tambayar manomi yadda gona take. Gaisuwa suke yi, doguwa, har a tambayi awaki, sannan ya ce, "Mu je mu gani." Ya shiga cikin gonar, ya duƙa, ya buɗe zuciyar masara da ɗan yatsa, can inda sabon ganye ke fitowa, ya leƙa. Nan tsutsa ke ɓuya. Idan ya gan ta sai ya sanar da ofis, a buɗe sito a fitar da maganin feshi. Sai da bakinsa ake fitar da maganin, haka dokar kamfanin take.

A cikin manomansa babu wanda ya kai Malam Jibo kusanci da shi. Dattijo ne a wani ɗan ƙauye bayan Mahuta, asalinsu masu shanu ne da suka daɗe da zama har Fillancin ya tsere musu. Shi ne shugaban manoman kamfanin a wajen, ta hannunsa ake raba iri. Ya girmi Kawu nesa ba kusa ba, amma "Malam" yake kiransa, kuma ba ya sa hannu a kwano sai Kawu ya sa. Akwai wasa tsakaninsu. Malam Jibo yakan ce bai taɓa ganin Baturen da rana ta ƙona haka ba. Kawu kuma ya ce shi bai taɓa ganin Bafulatanin da ya ajiye sanda ya ɗauki fartanya ba.

Shekarar korona na tafi sansanin masu bautar ƙasa. Ba mu daɗe ba aka ce kowa ya tattara ya koma gida. Na dawo Funtuwa na tarar an rufe makarantu, ana maganar rufe kasuwa da masallacin Juma'a. Ban da abin yi, ban da wurin zuwa, shi ya sa abin da zan faɗa duk a kan idona ya faru.

Manajan su Kawu a kamfanin, wani matashi da ake kira Oga Kabiru, shi ya kawo sabon tsarin. Ya ce daga sama aka yanke: a kulle ofis, a kulle baburan a sito, kowane malamin gona ya zauna gida ya riƙa kiran manomansa a waya, da yamma ya turo rahoto. Mota za ta kai iri da taki ƙauyuka. Wanda ya fita ya ɗebo ciwo kuwa, kamfani ba ruwansa, kuma a bakin aikinsa.

"To gonar fa, ranka ya daɗe?" in ji Kawu. Ina kusa, ina jin muryar manajan tana fitowa.

"Manomin ai yana da ido, Malam Bature. Ka tambaye shi ya faɗa maka. Duk duniya haka ake aiki yanzu."

Kawu ya ce, "To, shi ke nan. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Matsalar farko ita ce wurin zama. Magidanci ba ya wuni a cikin gida, balle gidanmu da matan maƙwabta ke shigowa sayen ƙuli-ƙulin Inna. Idan suka leƙo suka gan shi a tsakar gida sai su juya. Rana ta uku Inna ta ce, "Malam, ko dai ka fara sayen ƙulin, ko ka koma zaure." Ya koma zaure. Ya shimfiɗa tabarma, ya jingina da bango, ya ajiye wayar a kan cinya. Kullum sai ya yi wanka ya sa kayan fita har da hula, kamar mai jiran mota.

Amma a unguwarmu mutumin da ke zaune a zaure mutum ne da ba ya komai. Duk da dokar kulle, wanda ya gaji da gidansa sai ya zo ya zauna. Baƙo kuma ba a ce masa tashi. Maƙwabcinmu Alhaji Ubaidullahi, wanda aka rufe masa shago, shi ya fi kowa naci.

"Malam Bature, an yi ritaya ne ba a gayyace mu walima ba?"

"Aiki nake yi, Alhaji."

"Wannan ne aikin? To Allah ya ba mu irinsa. Mus'ab, kai da ka yi digiri, ka ga inda ake samun aiki, a kan tabarma."

Kawu yakan yi dariya tare da su, amma idan sun tafi sai ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Sun yi fes. Kaushin ya fara laushi. Ga wuta ba ta zama, caji ya ƙare a tsakiyar magana. Ga ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa sai mutum ya hau tudu. Wani manomin a kira shi tun safe, sai bayan azahar ɗansa ya ɗauka ya ce Baba ya bar wayar a rataye.

Ana cikin haka, a watan azumi, Tsohuwa ta kwanta. Mahaifiyar Kawu ce, kakata, kowa Tsohuwa yake kiranta har sunan ya bi ta. Ni "mai gidana" take ce mini, tana cewa na je jami'a na dawo ko turmin atamfa ban kawo mata ba. Zazzaɓi ne ya fara, sai tari, sai numfashi. Lokacin tsofaffi na ta tafiya, babu wanda ya san ko ciwon da ake faɗa ne ko wani, kuma babu wanda ya so ya sani. Ba ta kai sati ba ta rasu. Mutanen da suka yi mata salla ba su cika sahu biyu ba. Ba a yi zaman makoki ba, an ce an hana. Tsohuwar da ba a taɓa rasuwa a Dayi ko a unguwarmu ba ta je ta kwana ba, haka aka kai ta kamar baƙuwa.

Washegari Kawu ya koma zaure da wayarsa. Na ce ya huta ko kwana kaɗan ne. Ya ce ruwa ya kusa, ba lokacin hutu ba ne.

Labarin rasuwar ya isa ƙauyuka, amma hanya a rufe, babu wanda ya iya zuwa ta'aziyya. Wanda bai san mutanenmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shiga gonarka, ya halarci sunan 'ya'yanka, mahaifiyarsa ta rasu ba ka taka ka je ba, sai ga shi kuma shi ne ke kiran ka. Da wane baki za ka kawo masa kuka? Daga ranar duk kiran da ya yi ya koma ta'aziyya. An yi shuka, masara ta fito, ta kai ƙauri, ana nan ana ta'aziyya. Na ji kiransu da Malam Jibo har na haddace.

"Salamu alaikum, Malam Jibo."

"Wa alaikumus salam, Malam. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki."

"Allah ya jiƙan Tsohuwa. Allah ya sa ta huta. Wallahi muna jin kunyarka."

"Ba komai, ai lalura ce. Ya gonar?"

"Alhamdu lillahi."

"Masarar ta tashi sosai? Ba ka ga wani abu a ganyen ba?"

"Sai godiya, Malam. Kai dai ka ji da abin da ke gabanka."

"Ka leƙa cikin zuciyarta kuwa?"

"Muna leƙawa. Allah na nan. Ya mai ɗakin naka, ta ɗan sake?"

Nan maganar ke tsayawa. Ka tambayi dattijo sau ɗaya ya ce alhamdu lillahi, ka sake ya ce sai godiya. Idan ka yi ta uku ka ce masa maƙaryaci ke nan. Kawu ba zai iya ba. Da yamma sai ya tura wa ofis cewa ya yi magana da manoma, gonaki lafiya.

Abin da har yanzu yake tayar mini da hankali shi ne yabon da ya biyo baya. Tun da kowa na son yi masa ta'aziyya, manoman Kawu sun fi na kowa ɗaukar waya. Wasu ma su ke kira. Oga Kabiru ya haɗa dukan malaman gona a waya ɗaya, ya ce su yi koyi da Malam Bature: ya fi kowa yawan kira, ya fi kowa turo rahoto a kan lokaci, kuma yankinsa ko kwalbar magani bai nema ba. Ya ce wannan ya nuna aiki daga gida ya fi yawon babur amfani. Sannan ya ce, "Malam Bature, faɗa musu, ya kake jin daɗin sabon tsarin? Akwai wata matsala?"

Na kalli Kawu. Kwana biyu kafin nan ya ce mini, "Mus'ab, bana ko ganye ɗaya ban taɓa ba. Ina karɓar albashin abin da ban gani ba." Na zaci zai faɗa. Ya gyara hularsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe. Sai godiya."

Da aka kashe wayar na ce, "Kawu, me ya sa ba ka gaya masa ba?"

"A gaban mutane? Yaro ya yabe ka a gaban tsararka, ka ce masa tsarinsa ba shi da kyau?"

"To ka kira shi shi kaɗai."

"In ce masa me? Na ga wani abu? Ban ga komai ba."

Na ba shi shawarar manoman su turo hoto. Ya yi murmushi ya ce wayar Malam Jibo tocila kawai take da ita bayan magana. Gwamnati ta sassauta kulle, kasuwa ta buɗe, amma kamfanin ya ce a ci gaba a haka tukuna, tun da yana tafiya daidai. Baburan na nan a kulle. Kawu ya rame. Abinci sai Inna ta tsaya a kansa. Idan hadari ya haɗo yakan fito ƙofar gida ya tsaya yana kallon yamma, wajen Mahuta, har ruwan ya sauko ya kore shi ciki.

Manu ne ya fasa ƙwan. Babban ɗan Malam Jibo ne, magidanci da iyalinsa. Ya shigo Funtuwa kasuwa, ya biyo gida yin ta'aziyya da kaza a hannu. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka kawo masa ruwa. Kawu ya ce, "Ya masara?" Manu ya sunkuyar da kai, ya yi ta murza bakin tabarma.

"Malam, Baba ya hana a faɗa maka. Ya ce wanda ke cikin rashin uwa ba a ɗora masa wani kaya. Amma ni dai na ga abin ya wuce haka."

"Tun yaushe?"

"Tun tana ƙaurin ƙafa. Mun zuba toka, mun zuba ƙasa a zuciyarta. Wasu sun sayi magani a kasuwa, bai yi komai ba."

"Gonarku kaɗai?"

"Duk garin, Malam."

Kawu ya tashi ya shiga gidan Alhaji Ubaidullahi ya aro babur. Da ya zo tayarwa sai na ce ya koma baya ni in tuƙa. Hanyar ba a son ta a lokacin, ana yawan jin labarin tare mutane, amma ko ɗayanmu bai ambata ba. Har muka isa bai yi magana ba sai "dama" da "hagu".

Ban karanta noma ba, amma ba sai an karanta ba. Tun daga bakin hanya ganyen ya zama kamar tsumma, huji ko'ina. Masarar da ya kamata ta fi mutum tsawo ta tsaya a ƙugu. Kawu ya shiga, ya duƙa, ya buɗe zuciyar ɗaya. Cike take da wani abu kamar garin katako mai danshi, tsutsar na kwance a ciki, ƙatuwa, ta ƙoshi. Ya buɗe ta gaba. Ya buɗe ta gaba da ita. Haka ya yi ta tafiya yana buɗewa har ya yi mini nisa, kamar yana neman guda ɗaya da za ta gaskata abin da ya yi ta turawa ofis.

Malam Jibo ya iso da sauri, yana cewa, "Malam, ka zo ba sanarwa? Ya ƙarin haƙuri?"

"Malam Jibo, na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Maganin na can a sito. Kalma ɗaya za ka faɗa."

Dattijon ya tsuguna a bakin gonar. Ya ce, "Ranar da ka fara tambaya, ko kwana arba'in Tsohuwa ba ta yi ba, kuma ƙafata ba ta je gidanka ba. In bar gaisuwar mutuwa in ce maka tsutsa? Na ce bari a kwana biyu. Da aka kwana biyu abin ya yi yawa, sai na ji kunyar in ce jiya na ce maka lafiya. Kuma Malam, wayar nan a kan tudu ake samunta, gaban masallaci, kowa na ji. Ni a zatona za ka zo. Kullum cewa nake wa yara, Malam zai zo ya gani da idonsa, ba sai an faɗa masa ba."

Kawu ya tsuguna kusa da shi. Suka daɗe a haka, manya biyu, babu mai kallon wani. Ni na tsaya riƙe da babur ɗin aro, ban san ko in matso ko in ja baya ba.

An fitar da maganin washegari. An yi feshi, amma an makara. Da Kawu ya zagaya sauran ƙauyukansa ya tarar labarin kusan ɗaya ne, wani wuri da sauƙi, wani wuri ya fi muni. Da kaka motar kamfanin ta zo, aka duba, aka ce masarar yankin ba ta isa iri ba sai 'yar kaɗan. Aka bar wa manoma abarsu, ƙananan zangarku masu ruɓaɓɓen baki. A garin Malam Jibo samari suka fita cin rani tun kafin a gama girbi.

Aka kira Kawu ofis, wanda aka buɗe musamman don wannan zaman. Da ya dawo ya ba ni labarin a taƙaice. Oga Kabiru bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam Bature, kullum kai ka ce lafiya. Ni me zan gaya wa na sama? Idan manoman ne suka ɓoye maka, ka faɗi sunayensu a rubuta." Kawu ya ce babu wanda ya ɓoye masa komai, shi ne bai iya tambaya ba. Aka sallame shi. Kamfanin ya cire yankin gaba ɗaya daga cikin masu yi masa noma. Tsarin waya kuwa aka bar shi, aka ɗauki matasa biyu da aka ce sun fi iya tambaya kai tsaye.

Na yi zaton nan ne ƙarshen abin. Ashe da saura.

Kawu bai gaya wa manomansa an sallame shi ba. Malam Jibo ya ci gaba da kira duk bayan 'yan kwanaki. Ya tambayi yadda za a adana ɗan abin da aka samu, ya tambayi wane taki ya dace da fadama, ya ce a gaida mutanen ofis. Wani lokaci ya ce, "Bana ma muna hannunka, Malam." Kawu ya ce, "Allah ya kai mu." A ganinsa mutanen nan sun zuba ido suna jiran motar iri, motar da ya san ba za ta zo ba. Ya kashe musu damina ɗaya, ga shi zai kashe ta biyu.

Rani ya wuce a haka. Ni da Inna muka yi ta fama da shi.

"Malam, ka faɗa musu su nemi iri tun da wuri," in ji Inna. "Kunya ba ta cika rumbu."

"Gobe."

"Goben nan taka ta fi ta maƙeri tsawo."

Ni kuma na koma na ƙarasa bautar ƙasa, na dawo, na shiga neman aiki, ina tura takardu wuraren da ba sa amsawa. Duk lokacin da wayar Kawu ta yi ƙara sai in kasa kunne kamar ni ake nema.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, da safe, ƙasa na ƙamshi, Kawu ya kira ni zaure ya ce in zauna. Ina jin yana son wani ya kasance a wurin ne don kada ya fasa. Ya kira Malam Jibo. Suka gaisa, suka yi barka da ruwa, aka tambayi iyali, aka tambayi Manu. Sai Kawu ya rufe ido ya ce, "Malam Jibo, akwai maganar da na daɗe ban faɗa maka ba. Ba na tare da kamfanin nan. Tun kaka suka sallame ni. Kuma ba za su kawo muku iri ba bana. Ku yafe mini, ku nemi abin shukawa tun ƙasa na da danshi."

Ta cikin wayar ina jin kukan zakara daga can ƙauyen.

"Ai mun sani, Malam."

"Kun sani?"

"Direban da ya dawo daga baya ɗaukar 'yar masarar da aka zaɓa ya gaya mana tun ranar. Mun tanadi dawa da waken suya, yanzu haka yara na gona. Kada ka damu da mu."

"To duk kiran nan da kake yi, kana tambayata taki, kana cewa kuna hannuna?"

"Mu muka jawo maka, Malam. Muka ga ba ka faɗa ba, muka ce to kada mu kunyata ka. Na ce wa mutane kowa ya riƙa kiranka yana tambayar wani abu, ko ya san amsar. Mutum ba a barinsa haka nan ba aikin yi."

Kawu ya ce, "Na gode. Allah ya saka da alheri." Ya faɗa har sau biyu, da murya mai kyau. Ya kashe wayar, ya miƙo mini, ya ce in kai wa Inna ta riƙa amfani da ita wajen masu sayen ƙuli. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya shiga ciki.

Na yi ta tunanin wannan safiyar. Korar da aka yi masa ya ɗauke ta, ya ci gaba da wanka da sa kaya, domin a ransa akwai mutanen da ke buƙatarsa, ko da buƙatar tana hana shi barci. Abin da bai iya ɗauka ba shi ne ya gane wata da watanni sadakar tambaya ake ba shi. Kuma babu wanda zai yi wa fushi. Kowa alheri ya nufa. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro, domin ni ma haka aka rene ni, da waɗannan kalmomin nake amsa gaisuwa.

Yanzu ba ya zama a zaure. Yana ɗaki, ya fito salla ya koma. Wani mai shagon maganin feshi ya nemi ya zo ya riƙa ba manoma shawara, ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, har yau yana tunanin. Malam Jibo ya zo da kansa sau biyu. Kawu ya karɓe shi da mutunci, aka ci abinci, aka yi hira a kan tsadar taki, amma wasan nan nasu ko ɗaya bai tayar ba. Alhaji Ubaidullahi ma ya daina tsokanarsa.

Daminar da ta wuce Inna ta shuka masara 'yar kaɗan a bayan ɗakin girki, don gasawa. Da gangan ta shuka ta a kan hanyarsa ta zuwa alwala. Ta tashi da kyau, sai wata safiya na ga ƙananan huji a sabon ganye. Na nuna wa Inna. Ta ce in yi shiru, mu bari ya gani da kansa. Muka zauna a tsakar gida muna jira, ita tana tsince gyaɗa, ni ina riƙe da littafin da ba karantawa nake ba. Ya fito da butarsa. Ganyen har ya shafi hannun rigarsa. Na ga idonsa ya sauka a kan hujin, na ga ya gane. Ya matsa gefe kaɗan don kada ya taka, ya wuce.